Daga Daka zuwa Tokyo: Tarihin Sana'ar Warware Adon Harshen Ingilishi ga Baƙi

Adon harshe, a wurin masana adabi, shi ne maganar da manufarta ta zarce abin da kalmominta suke nufi a zahiri, kuma ya haɗa da kamantawa, wadda a cikinta ake gwada abu da waninsa ta amfani da kalma irin "kamar" ko "tamkar", da siffantawa, wadda a cikinta ake ɗauko sunan wani abu a laƙaba wa wani kai tsaye, da kambamawa, wato kai magana inda kowa ya san ba ta kai ba. Waɗanda suka karanci balaga a zaure sun san mafi yawan waɗannan da sunayensu na Larabci, irin su tashbihi da isti'ara da kinaya. Kusa da su akwai abin da za a kira dunƙulalliyar magana, wato jerin kalmomin da suka daɗe suna tafiya tare har suka daskare, ta yadda ba a gane manufarsu ta hanyar tattara ma'anar kowace kalma, kuma da yawa daga cikinsu siffantawa ce da ta tsufa har aka manta asalinta. Harshen Ingilishi yana da dubban irin waɗannan, kuma aikin tattara su da warware su domin wanda bai tashi da harshen ba ya zama sana'a mai zaman kanta a ƙarni na 20, sana'ar da ta yi saiwa a azuzuwan biranen Daka da Tokyo, nesa da Landan da Oxford, a hannun malaman da suke tsayawa gaban ɗalibai baƙi kowace safiya.

Dalilin da ya sa abin ya faro daga waje shi ne mai harshe ba ya ganin adon da ke cikin maganarsa ta yau da kullum. Bahaushen da ya ce wane ya ci jarrabawa, ko ya ci amana, ko ya sha kashi, bai tuna da baki ko maƙogwaro ba, kuma sai wani baƙo ya tambaye shi yadda ake tauna amana kafin ya lura cewa kalmar ta yi nisa da akushi. Haka abin yake ga Bature da harshensa, don haka ƙamusoshin da Turawan Ingila suka rubuta wa junansu suka fi mayar da hankali ga kalmomi masu wuya waɗanda aka aro daga Latin da Girkanci, suka bar ƙananan kalmomin da kowane yaro ya sani. Samuel Johnson yana cikin 'yan kaɗan da suka hango inda gizo yake saƙa, domin a gabatarwar ƙamusunsa na 1755 ya ambaci wata ɗabi'a ta Ingilishi wadda ya ce ita ta fi wahalar da baƙi, wato a ɗauko aikatau gama-gari a liƙa masa wata ƙaramar kalma mai nuna wuri ko shiyya, sai ma'anar ta canza sarai. Aikatau mai ma'anar bayarwa, alal misali, idan aka bi shi da kalmar da ke nufin sama, sai ya koma sallamawa ko daina abu. Johnson ya lissafa irin waɗannan gwargwadon iko, amma ƙamusunsa na masu harshen ne, kuma an yi kusan shekara 180 kafin wani ya gina ƙamus sukutum a kan wannan matsala.

A tsakanin nan abin da baƙo yake samu shi ne littafin hira na matafiya, wanda ake jera jimloli a harsuna biyu gefe da gefe. Wanda ya fi suna a cikinsu ya yi sunan ne saboda lalacewarsa. A 1855 aka buga shi a birnin Paris domin masu jin harshen Fotugal da ke son koyon Ingilishi, ɗauke da sunan Pedro Carolino da na José da Fonseca, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin masu bincike shi ne Carolino bai iya Ingilishi ba, ya ɗauki littafin hirar Fotugal da Faransanci da Fonseca ya rubuta ne, ya yi ta juya ɓangaren Faransancin kalma bayan kalma da taimakon ƙamus. Inda ya fi shiga uku shi ne babin karin magana da dunƙulallun maganganu, domin a nan ne juyin kalma da kalma ba ya haifar da komai sai shirme. A 1883 aka sake buga shi a Landan da sunan English as She Is Spoke, aka kuma buga shi a Amurka da gabatarwar Mark Twain, duk domin a yi dariya. Sai dai hanyar da Carolino ya bi ita ce wadda makarantun Turai na zamaninsa suke koyar da harsuna da ita, wato nahawu da fassara, bambancin kawai shi ne shi ba shi da malamin da zai ja masa kunne.

Masu harshen kuwa sun tattara adon maganarsu ta fuskar sha'awar asali. Ebenezer Cobham Brewer, wani malamin coci, ya fitar da Dictionary of Phrase and Fable a 1870, inda ya bi diddigin maganganu zuwa tatsuniyoyi da tarihi, sannan a 1925 Logan Pearsall Smith ya kasa su bisa sana'o'in da suka haife su a littafinsa Words and Idioms, wanda a cikinsa ne aka fara buga sunan da ake kiran aikatau mai rakiyar ƙaramar kalma da shi har yau. Rabon da Smith ya yi yana nuna abin da ke sa wannan fanni ya yi wa baƙo tsauri. Kaso mai yawa ya fito ne daga rayuwar teku, kamar cewa mutum ya san igiyoyi idan ya ƙware a aiki, maganar da ta samo asali daga jiragen ruwa masu filafilai waɗanda sabon ma'aikaci sai ya haddace wace igiya ke jan me. Wasu daga farauta da dawakai da karta suka fito, wasu daga fassarar Baibul ta 1611 da wasannin Shakespeare. Akwai kuma waɗanda sai an san taswirar ƙasar kafin a gane su: tun ƙarni na 17 Turawan Ingila suke kiran aikin banza da kai gawayin kwal Newcastle, garin da a da shi ne mahaƙar kwal ɗin da ake ɗumama Landan da shi, kamar a ce fatake sun yi lodin gishiri sun nufi Bilma. Wanda ya koyi irin wannan magana ya koyi wani yanki na tarihin tattalin arzikin Ingila ne ba tare da ya sani ba, kuma littattafan Brewer da Smith, duk da daɗin karatunsu, ba su gaya masa yaushe ake faɗinta ko a gaban wa ba.

Yunƙuri na farko mai tsari na sauƙaƙa wa baƙo ya bi ta hanyar rage kalmomi. A 1930 C. K. Ogden na Cambridge ya gabatar da abin da ya kira Basic English, wato Ingilishi mai kalmomi 850 kacal, wanda a cikinsu 18 ne kawai suke aikin aikatau. I. A. Richards, abokin aikinsa kuma masanin siffantawa, ya yi ta ƙoƙarin yaɗa tsarin a ƙasar Sin, Winston Churchill kuma ya yaba wa tsarin a jawabinsa na Jami'ar Harvard a 1943. Amma tsarin ya faɗa cikin ramin da ya so ya tsallake. Da yake an kori mafi yawan aikatau, mai magana dole ya cike gurbinsu da haɗe-haɗen nan da Johnson ya yi kashedi a kansu, ta yadda wanda yake son cewa ya jure wa abu sai ya jera kalmar ajiyewa da ta sama da ta tare, jerin da Bature yake ji da sauƙi saboda gajartar kalmominsa, baƙo kuwa ba shi da ta inda zai ɓullo masa. An rage yawan kalmomi, an ƙara yawan ma'anonin da kowace kalma take ɗauke da su, kuma mafi yawan ƙarin na aro ne. Ra'ayin taƙaita kalmomi bai mutu ba, domin a 1959 Muryar Amurka ta fara shirye-shirye da Ingilishi na musamman mai kalmomi kimanin 1,500 wanda ake karantawa a hankali, amma ita ma sai da ta ware wani shiri domin bayanin dunƙulallun maganganu.

Cikin waɗanda suka fi sukar Ogden akwai Michael West, wanda ya yi aikin ilimi a Bangal tun daga 1912 har ya shugabanci kwalejin horar da malamai ta Daka, babban birnin Bangladesh na yau. West ya lura cewa mafi yawan yaran Bangal suna barin makaranta kafin Ingilishinsu ya amfane su, don haka ya fifita karatu a kan magana, ya rubuta jerin littattafan karatu waɗanda sabuwar kalma take shigowa a hankali kuma a maimaita ta har ta zauna. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da New Method English Dictionary, wanda ake ɗauka shi ne ƙamus na farko da ya bayyana Ingilishi da Ingilishi domin baƙi. Ya ƙunshi abubuwa kimanin 24,000, daga ciki kimanin 6,000 dunƙulallun maganganu ne, kuma an bayyana su duka da kalmomi 1,490. Wannan dabara, wato keɓe 'yan kalmomin da za a riƙa yin bayani da su, ita ce gadon West mafi girma, domin ta tilasta wa mai ƙamus ya daina warware adon magana da wani adon maganar, kuskuren da masu harshe suke yi ba tare da sun ji a jikinsu ba.

A Tokyo ne aka yi wa matsalar kallon ƙurilla. Harold Palmer, wanda ya fara koyar da Ingilishi a garin Verviers na Beljiyam kafin ya koyar a Landan tare da masanin furuci Daniel Jones, ya isa Japan a 1922 a matsayin mai ba Ma'aikatar Ilimi shawara, kuma a shekarar da ta biyo aka kafa cibiyar binciken koyar da Ingilishi a ƙarƙashinsa. Ɗaliban Japan sun haddace nahawu, sun haddace dubban kalmomi, amma jimlolinsu ba sa fita yadda mai harshe zai faɗa, kuma Palmer ya gane cewa cikas ɗin yana wani fili da ke tsakanin nahawu da ƙamus, wato yadda wasu kalmomi suke zaɓar abokan tafiyarsu ba bisa wata ƙa'ida ba. A rahoton da cibiyar ta fitar a 1933 an tattara dubban irin waɗannan haɗe-haɗe, aka kasa su bisa ginin jimla, aka kuma bayyana su da cewa jerin kalmomi ne da ya wajaba a koye shi a dunƙule. Muhimmancin rahoton shi ne bai tsaya ga maganganu masu ƙyalli ba, irin cewa sama tana zubar da kyanwoyi da karnuka idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya gangaro har zuwa ƙananan maganganun da ba wanda yake ɗaukarsu ado, kamar yadda Bature yake "kama" mura, yake "biyan" hankali idan ya saurara, yake "faɗawa" cikin soyayya.

Wanda ya yi aikin tattarawar tare da Palmer shi ne A. S. Hornby, wanda ya je Japan yana saurayi a farkon shekarun 1920 domin koyar da adabi a garin Oita, ya tarar ɗalibansa suna karanta Shakespeare amma harshen yau da kullum yana gagararsu. Bayan Palmer ya koma gida a 1936, Hornby ya ci gaba da aikin tare da E. V. Gatenby da H. Wakefield, kuma a 1942, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Japan da Birtaniya, kamfanin Kaitakusha na Tokyo ya buga ƙamusunsu mai suna Idiomatic and Syntactic English Dictionary. A wannan shekarar aka mayar da Hornby Ingila cikin musayar farar hula. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga littafin a 1948, daga baya ya zama Advanced Learner's Dictionary, ɗaya daga cikin littattafan da suka fi kasuwa a tarihin maɗaba'ar. Tsarinsa ya bambanta da na magabata ta fuskoki da dama: kowace ma'ana tana da misalan jimloli, dunƙulallun maganganu suna fitowa da baƙin rubutu mai kauri a ƙarƙashin babbar kalmarsu, kuma inda kalma ta bar ma'anarta ta zahiri ta koma ta aro ana sa wata 'yar alama da ke sanar da mai karatu cewa ya shiga fagen ado.

Ta waɗannan littattafai biyu ne tarihin ya ratso makarantun Nijeriya, inda ƙamusun West ya zama abokin 'yan firamare har ana kiransa da sunan marubucinsa kawai, na Hornby kuma ya zama na 'yan sakandare da kwalejojin malamai. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ta daɗe tana sa wani sashe a takardar Ingilishi inda ake ba ɗalibi jimla mai adon magana a ce ya zaɓi fassarar da ta dace, kuma wannan ya haifar da al'adar haddace jerin maganganu da ma'anoninsu, al'adar da take ba da maki amma ba ta koya wa yaro muhallin magana.

Wani reshe na sana'ar ya girma a Tarayyar Sobiyet, inda V. V. Vinogradov a shekarun 1940 ya kasa dunƙulallun maganganu bisa yadda hoton da ke cikinsu ya dushe: akwai waɗanda hotonsu ya mutu sarai, kamar yadda Bature yake cewa mutum ya shuri bokiti idan ya rasu, akwai waɗanda har yanzu ana iya hango dalilinsu, akwai kuma waɗanda kalma ɗaya ce kawai a cikinsu ta bar ma'anarta. A. V. Kunin ya ɗora wannan tsari a kan Ingilishi a babban ƙamusunsa na Ingilishi da Rashanci da ya fito a tsakiyar shekarun 1950, kuma A. P. Cowie na Jami'ar Leeds ya amfana da shi sa'ad da shi da abokan aikinsa suka tsara ƙamus mai juzu'i biyu na dunƙulallun maganganu wanda Oxford ta buga a 1975 da 1983.

Kwamfuta ce ta zo ta sauya ma'auni. A 1980 John Sinclair ya fara wani shiri a Jami'ar Birmingham na tara rumbun matani, wato tarin rubuce-rubuce da maganganun da aka naɗa waɗanda ake zuba wa na'ura domin a ƙirga yadda kowace kalma take fitowa da waɗanda suke kewaye da ita, kuma daga rumbun mai kalmomi kimanin miliyan 20 aka tsara ƙamusun Cobuild na 1987. Abin da ƙirgar ta nuna ya girgiza masu sana'ar. Kalmomi da yawa an fi amfani da su a ma'anarsu ta aro fiye da ta zahirin da ƙamusoshi suke farawa da ita, sannan Rosamund Moon, wadda ta yi aiki a shirin, ta nuna a littafinta na 1998 cewa mafi yawan dunƙulallun maganganu ba sa fitowa ko sau ɗaya a cikin kalmomi miliyan, kuma idan sun fito sau da yawa an datse su ko an yi wasa da su, musamman a kanun jaridu. Ke nan ɗalibin da ya kwana yana haddace ruwan kyanwoyi da karnuka ya kashe daren a kan maganar da da wuya ya ji ta a bakin mai harshe, alhali ƙananan siffantawar da Palmer ya nuna tun 1933 suna cikin kusan kowace jimla.

A daidai shekarar da Sinclair ya fara shirinsa ne George Lakoff da Mark Johnson suka buga Metaphors We Live By a Amurka, inda suka kafa hujjar cewa siffantawa ba kwalliyar mawaƙa ba ce kurum, tsari ne na tunani, kuma maganganun da ake gani a warwatse suna da iyaye. Mai Ingilishi yana maganar gardama da kalmomin yaƙi, yana maganar lokaci da kalmomin kuɗi, yana kai alheri da yawa da lafiya sama, yana kai kishiyoyinsu ƙasa. Malaman harshe sun ga amfanin wannan nan da nan, domin idan aka nuna wa ɗalibi uwar siffantawa ɗaya zai iya riƙe 'ya'yanta goma, kuma ƙamusun Macmillan na 2002 ya keɓe wasu akwatuna da ke jera maganganu bisa wannan tsari. Sai dai dabarar tana da iyaka, domin al'ummomi ba su raba hotuna iri ɗaya ba. Bahaushen da ya saba da farin jini da farar aniya, idan ya ji an kira wani aikin gwamnati farar giwa, hankalinsa zai fi karkata ga yabo, alhali abin da ake nufi shi ne kadara mai cin kuɗi marar amfani. Matsalar kuma tana da fuska ta biyu, wadda Eric Kellerman ya nuna a ƙarshen shekarun 1970 da ɗaliban Holan: sun ƙi yarda cewa wasu ma'anonin kalmar karyawa ta harshensu da suke jin sun yi nisa da asalinta za su yi aiki a Ingilishi, ko da yake harsunan biyu sun yi tarayya a cikinsu. Jeannette Littlemore ta Birmingham kuwa, a binciken da ta buga a 2001 a kan ɗalibai 'yan Bangladesh, ta tarar suna yi wa siffantawar malamansu fassarar da takan juya matsayin malamin, su ɗauki suka a matsayin yabo, kuma wannan ya fi rashin fahimta haɗari, tunda wanda bai gane ba yana iya tambaya, wanda ya gane a karkace kuwa rubutawa yake yi ya wuce.

A 'yan shekarun nan masu ƙamus sun fara karɓar kaya daga inda a da suke aikawa. Masu magana da Ingilishi a matsayin harshe na biyu sun fi waɗanda suka tashi da shi yawa, kuma kowace al'umma tana ƙera nata adon a cikinsa da hotunan harsunanta na gida. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Ingilishin Nijeriya, cikinsu har da sunan Kannywood da maganar nan ta goga tunani da tunani da 'yan Nijeriya suke yi idan suna nufin a zauna a yi shawara, kuma an rubuta musu bayani da misalan jimloli domin masu karatu na Ingila da Amurka waɗanda ba su taɓa jin su ba.